Gishirin Inna

Shekarun baya can, lokacin da Bature bai daɗe da kafa turakun iyaka tsakaninsa da Faransa ba, aka kai ni bariki wurin mijina. Ni 'yar masunta ce daga bakin Kwara, kusa da Bagudo. Shi kuwa ɗan manoma ne daga Geza, jar dara ta burge shi ya ajiye fartanya ya shiga soja. Barikin ƙarami ne, yamma da kogi, ɗakunan ciyawa layi biyu, Bature ɗaya, saje ɗaya, sai sojoji da matansu. Aikin mazan su bi iyaka su duba turaku su dawo, aikinmu mu dafa. Babu mai dafa wa soja sai matarsa, saboda haka a can da tukunyarki ake saninki.

Ni kuwa na zo da taƙama. Ranar da zan bar gida mahaifiyata ta cusa mini ɗan gora cikin kaya, cike da wani dakakken gishiri ja-ja mai ƙamshi, wanda muka tashi muna ci a miyar sallah da ta baƙi. Ta ce, "Wanga gishirin gida na. Kak ki zuba shi kullum. Ran da kika son maigida shi san ya yi aure, ki sa kaɗan." Ban taɓa tambayar yadda take yin sa ba. A gidanmu gishiri muke ce masa, ni ma gishiri na san shi.

Na yi ta girki da gishirin kasuwa, ina ɓoyon na Inna, har ranar da suka dawo daga wani dogon sintiri. Na kaɗa miyar kuka da kifi, na ɗebi na goran na barbaɗa. Mijina ya ci har ya suɗe akushi, ya dube ni ya ce, "Ashe haka kika iya kika ɓoyewa?" Ina cikin jin daɗi sai na ga yana susa. Wuya, hammata, ciki, ko'ina ya yi rudu-rudu, leɓensa na sama ya tashi. Aka ce borin jini ne, wasu suka ce gizo-gizo ya bi shi a daji. Kafin la'asar ya faɗa, muka manta.

Karo na biyu ne ya jawo mini magana. An ce babban Bature zai zo duba bariki, kuma a faretin ranar za a ɗaura wa mijina igiya ɗaya a hannu, ta ƙarin girma. Na ce ai irin wannan rana Inna take nufi. Na tashi da wuri na ɗumama tuwo, na yi sabuwar miya, na ƙara hannu a gishirin don murna. Bai gama sa ɗamara ba idanunsa suka rufe ruf, fuskar ta cika har dara ta ƙi zama a kansa, muryarsa ta dishe. Ana busa begila shi yana zaune a ƙofar ɗaki ana kwara masa ruwa. Igiyar nan wani aka ɗaura wa.

Da yamma saje ya zo da kansa. Bai ko dube ni ba, da mijina ya yi magana. "Daga yau ba ka cin tuwon ɗakinka sai na ce. Matar kofur ta dafa maka. Hatsinka can za a kai."

Ku da ba ku zauna bariki ba, ba za ku san nauyin wannan magana ba. Da saje ya mare ni a gaban mata da ya fi mini sauƙi. Ɗakin kofur jikin namu yake, zana ɗaya ta raba mu. Matarsa 'yar Dendi ce daga tsallaken iyaka, ta girme ni kaɗan, doguwa, mai wushirya, Hausarta a karkace. Kuma ni ce zan ɗauki geron mijina a ka, in zagaya zana, in miƙa mata, in ce, "Yaya, ga na maigida." Takan karɓa da hannu biyu ta ce, "Ki yi haƙuri, ƙanwata, kwana kaɗan na." Wannan kirkin nata shi ya fi komai ƙona mini rai. Na so a ce muguwa ce in samu inda zan kama.

Mijina kuwa tun da ya koma tukunyarta ko ƙaiƙayi bai sake yi ba. Na yi ta jira, Allah ya yafe mini. Kullum ya gama ci sai in bi wuyansa da kallo ko zan ga ɗan tabo guda, in ruga in nuna wa saje. Babu. Sai ma ƙiba da ya fara, kumatu suka fito, kaki ya zauna masa. Mata suna cewa a bakin rijiya, "Kun ga yadda soja ya murmure?" su saci kallona. Ni in ja gugana in yi kamar kurma.

Akwai wata 'yar ɓula a zanar nan, ni na faɗaɗa ta da tsinke. Ta nan na haddace girkin matar kofur kaf. Na ga ba ta iya kaɗa kuka ba, tana barin gudaji. Na ga tana cika ruwa. Na ga daddawarta ba ta nuna ba. Duk na tara waɗannan laifuffuka ina jiran wanda zan faɗa wa, ga shi mai cin bai taɓa ƙorafi ba. Wata rana na ga ta kankare ƙanzo ta jiƙa ta ajiye gefe. Da ta miƙo akushin ta saman zana ta ce, "Na ga shina son ƙanzo." Na ga shina so! Wata uku ina aure ban lura ba, ita ta lura. Ranar ban ci komai ba, na ce kaina ke ciwo.

Kuma ni ke wanke akushin. Ita ta dafa, shi ya ci, ni in wanke. Ya dawo tas, ko loma ba ya ragewa. Idan ya gama sai ya ɗaga murya ta kan zana ya ce, "Madalla, matar kofur, Allah shi saka." In ji kamar an watsa mini barkono a ido. Na taɓa ce masa, "Kai wai dole sai duk bariki sun ji ka ƙoshi?"

Ya ce, "Mutum ya ba ka abinci, ba ka gode mai?"

Na ce, "Gode mata a hankali."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba, na juya masa baya na shiga tsintar tsakuwa a geron da ba ni zan dafa ba.

Abin da ban sani ba, maganar ta wuce bakin rijiya. A bariki akwai magajiya, dattijuwar da ke shugabantar mata, ita ke kai ƙararmu gaban saje. Ita ta kira ni, ta zaunar da ni ta ce, "Ke ɗiyag ga, hwaɗa min gaskiya. Mi kika sa mai cikin miya?"

Na lissafa mata: kuka, daddawa, kifi, barkono, gishiri. Ta ce kifi dai matar kofur ma tana sa masa, bai taɓa yi masa komai ba. Ta ce ko akwai wani abu da aka ba ni daga gida, na mallaka ko na farin jini, wanda ya zo da kuskure? Na rantse babu, kuma har ga Allah gaskiyata na faɗa, don ko kusa hankalina bai kai kan goran ba. Wa zai kira gishiri magani? Sannan ta faɗa mini abin da ke ƙasa. Bature ya ce ba zai riƙe sojan da ba a san ranar faɗuwarsa ba, kuma ba za a ci gaba da ɗora wa matar wani girkin wani ba. Ko dai a gane ni ce a sa ni jirgin ruwa a mayar da ni gidanmu, ko a gane jikinsa ne a sallame shi.

Mijina ne ya kawo shawarar gwaji. Ya ce in dafa a fili gaban magajiya, kowa ya ci, shi ma ya ci. Ya ce wa saje, "Matata ba ta cuta ta. In ci gaban kowa a gani." Da na ji wannan sai da na yi hawaye. Amma ku ji irin wautata: abin da ya fi cika mini kai ba wanke kaina ba ne, so nake matar kofur ta ɗanɗana miyata ta san ruwa take dafawa.

Ran Juma'a da hantsi na hura wuta a tsakar bariki. Magajiya na zaune, tana duba duk abin da na ɗauko. Da na buɗe goran ta ce, "Wanga fa?" Na ce, "Gishiri na, Magajiya." Ta lakata ta lasa, ta ji gishiri, ta gyaɗa kai. Na zuba ba tsoro. Ƙamshi ya tashi har sojan da ke gadi ya waiwayo. Na fara ci, magajiya ta ci, saje ya ci ya ƙara. Matar kofur ba ta nan, ta tafi kasuwar Zagga tun da safe, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai, don dominta na ƙure fasaha. Aka jira, babu wanda ko tari ya yi. Sannan mijina ya wanke hannu ya zauna, ya yi bisimilla, yana murmushi yana kallona.

Bai kai rabin akushi ba ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya kama maƙogwaro. Ya buɗe baki zai yi magana, harshen ya cika bakin. Numfashinsa ya koma wani siririn fito, idanu suka firfito, leɓɓa suka yi baƙi, sai ya sulale. Kofur ya tallafe shi ya zaunar, ana fifita, ana zuba ruwa, liman yana tofi, Bature ya fito da gudu ba hula yana ta faɗa da Turanci. Likita yana can nesa, tafiyar kwanaki. Babu abin da kowa ya iya yi ban da riƙe shi a zaune da kiran sunan Allah. Ni ina durƙushe riƙe da ƙafarsa, na ji ta yi sanyi a hannuna. Can ya yi amai, ya ja wani dogon numfashi mai ƙara, ya sake ja. Allah ne kawai ya ga kwanansa na gaba.

Da hankali ya dawo sai na ga kowa ya ja baya daga inda nake. Gwajin da aka yi don a wanke ni shi ya ɗaure ni. Da guba ce, da duk wanda ya ci ya faɗi. Abincin da mutum huɗu za su ci ya tsallake uku ya kama ɗaya, a wurin mutanenmu sunansa ɗaya ne, an kira sunan mutum a kansa. Saje ya ce gobe in jirgi zai tashi a sa ni ciki. Aka kai mijina ɗakin kofur ya yi jinya, aka hana ni shiga. Ta ɓular nan tawa na ga matar kofur ta dawo daga kasuwa, ta ajiye kaya, ta dama kunu tana ba shi a ludayi. Ina cikin tashin hankalin rabuwa da miji, amma wallahi sai da na lura kunun ya yi tsararo.

La'asar sakaliya ina ɗaure tabarma matar kofur ta shigo ba sallama. Na ce, "In kin zo kallo, kin gani." Ta wuce ni. Ta je ta buɗe tukunyar da kowa ke tsoron taɓawa, ta sa yatsa ta lasa. Ta sake lasa. Na tsaya ina jiran ta ce da daɗi, har a wannan hali. Sai ta ce, "Ƙanwata, ina ƙaguwar da kinka sa?"

Na ce, "Wace ƙaguwa? Ni ban sa ƙaguwa ba."

Ta ce, "Akwai ta ciki. Nuna min abin da kinka zuba."

Da ta zazzaga gishirin a tafin hannu ta shinshina, sai ta zauna daɓas a kan kayana. Ta ce busasshiyar ƙaguwa ce aka gasa aka daka da gishiri, su ma can Dendi suna yi. Ta ce tana da ƙane wanda ke cin kowane irin kifi lafiya, amma ko ruwan da aka dafa ƙaguwa ya taɓa bakinsa sai ya kumbura kamar salka. Jininsa ne ba ya so, babu hannun kowa. Ta kama hannuna ta ce mu je wurin saje. Na bi ta, raina biyu. Ina murna, ina kuma jin haushin a duk barikin nan a rasa wanda zai gane sai ita.

Saje ya ce ba za a sake ba sojansa komai ya ci ba. Ta ce ba sai ya ci ba. Ta jiƙa gishirin kasuwa ta shafa masa a cikin hannun dama, ta jiƙa na Inna ɗan mitsitsi ta shafa a na hagu. Muka zuba ido, har da Bature. Ba a jima ba na hagun ya yi ja ya tashi, yana ta susa, na daman kuwa lafiya lau. Magajiya ta yi salati. Mijina, da muryar da ba ta gama dawowa ba, ya ce, "Ƙaguwa? Ƙaguwa kika ba ni?" Mutanen Geza ko a hanya suka ga ƙaguwa tsallake ta suke yi. Sojoji suka fashe da dariya, Bature ya ce a faɗa masa abin da ake wa dariya, da aka faɗa ya ce magana ta ƙare, kada ƙaguwa ta sake shiga ɗakinmu. Ba a sa ni jirgi ba, ba a sallame shi ba. Igiyar ma ta zo daga baya.

Da na je gida na tuhumi mahaifiyata, ko a jikinta. Ta ce, "To da na ce ƙaguwa ta, manoman ga suna cin tuwonki?" Ta karɓe goranta.

Na koma girkina da gishirin kasuwa. Mijina yana ci, yana cewa madalla, amma irin madallar da yake wa matar kofur ce, babu ƙari babu ragi. Na gode wa matar nan, na kai mata kifi, da ta haihu ni na yi mata wankan jego. Ta fitar da ni kunya, ta tsare mini aure, na sani. Duk da haka har aka yi musu canjin bariki ban daina kawar da kai ba in ta wuce da akushi. Shekara da shekaru ina son in tambaye shi miyar wa ta fi, ina tsoron amsa.

Sai da muka tsufa, ya bar soja tuntuni muka koma Geza, haƙora suka zube, na samu ƙarfin hali. Muna zaune a inuwa yana gyaran ƙotar fartanya na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, miyata da ta matar kofur, wacce ta fi?"

Ya ɗago kai. Ya ce, "Wace matar kofur?"

Sai da na tuna masa. Mutumin nan ya manta da ita sarai, ni kuwa ko yau aka ce in zana wushiryarta zan zana. Da ya tuna ya ce, "Af, mai gudajin nan? Umarnin saje na, ba yadda zan yi." Sannan ya ajiye fartanyar ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai ci miya irin ta goran nan ba, har yau in ya tuna bakinsa yana kawo ruwa. Na ji daɗi, na kuma ji takaici. Ashe abin da ya fi so a hannuna shi ne kaɗai abin da ba zan iya ba shi ba, ni kuwa na ɓata ƙuruciyata ina leƙen tukunyar da ko sunanta bai riƙe ba.

Tun daga ranar ya samu abin roƙo. Yanzu ƙarfinsa ya ƙare, abinci ba ya masa daɗi, in na kai masa tuwo sai ya taɓa ya ture. Kwanan baya ya kamo bakin zanena ya ce, "Ki yi min ita sau guda. Na tsuhwa, mi ya rage? In ta kashe ni, na tahi da daɗi a baki."

Na san yadda ake yin gishirin yanzu, Inna ta koya mini kafin ta rasu, ƙaguwa kuwa ga ta nan a bakin ruwa, ko ba a saya ba. Na zare zanena daga hannunsa, na tura masa akushin gabansa.

Na ce, "Ci wanga. Matar kofur da aka ara ma kai na ɗan lokaci, har yau ban huce ba. Ƙasa da ba ta maidowa za ni miƙa ma kai da hannuna?"